Amsa Kan Tsima Kayan Lambu Da Gishiri Ko Khal A Ƙasa Mai Zafi

Wata baiwar Allah daga yankin Kura ta jihar Kano ta aiko da tambaya. Ta ce maigidanta yana noman rani, kuma duk shekara idan kaya suka cika kasuwa, kabeji da karas da kokwamba sukan faɗi warwas, har wani lokaci a bar su su ruɓe. Da ta je Umara ta ci wani yankakken kayan lambu mai tsami da ake ajiyewa a gefen shinkafa, wanda Larabawa ke kira mukallal, sai ta ƙudurta za ta yi irinsa a gida. A watan Afrilu ta yanka kokwamba a roba, ta zuba ruwan famfo, ta barbaɗa gishiri da hannu, ta ƙara cokali biyu na khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar da Turanci, ta rufe ta ajiye a ɗakin girki. Bayan kwana huɗu ta tarar kokwambar ta yi laɓo-laɓo, ruwan ya yi yauƙi, ga wani farin abu ya lulluɓe saman. Tana son ta san inda kuskuren yake, da ko abin zai yiwu ga wanda ba shi da tsayayyar wutar lantarki, da kuma ko akwai haɗari a cikinsa.

Hajiya, na ji daɗi da kika bayyana abin da kika yi dalla-dalla, domin amsar tana cikin bayanin naki. Hanyoyi biyu ne mabambanta ake bi wajen wannan aiki, ke kuma kin ɗauki rabin kowacce kin haɗa, shi ya sa babu wadda ta yi aikinta. A hanya ta farko ana kawo tsamin daga waje, wato a zuba wa kayan lambun khal mai yawa har ya ratsa su. A ta biyu ba a zuba khal ko ɗigo, gishiri kawai ake sawa a bar wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke jikin kayan lambun su cinye zaƙin da ke cikinsu, su mayar da shi tsami a cikin 'yan kwanaki. Cokali biyu na khal a cikin roba guda bai kai ya tsare komai ba, gishirin da aka kintata da hannu bai kai ya danne masu ruɓar da kaya ba, ga shi kuma kin yi a watan da zafin ɗakin girki kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ko mai sana'ar ne ya haɗa waɗannan abubuwa uku, abin da kika gani shi zai gani.

Tushen maganar duka tsami ne, kuma tsamin da aka auna. Masana abinci suna da ma'auni da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami: ruwa mai kyau yana wajen 7, ɗanyen karas da kokwamba suna tsakanin 5 da 6 ko sama kaɗan, khal kuwa yana ƙasa da 3. Lambar da ya kamata ki riƙe ita ce 4.6, domin a ƙasa da ita ƙwayar nan mai suna Clostridium botulinum ba ta iya girma balle ta fitar da gubarta. Wannan ƙwaya tana zaune a ƙasar noma, tana zuwa gida a jikin karas da tafarnuwa da albasa, tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, kuma babu inda take so kamar rufaffen wuri mai laima wanda babu iska kuma babu tsami. Gubarta ba lallai ta canza wari ko ɗanɗanon abinci ba. Wanda ya ci yakan fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta riƙa faɗowa, haɗiya da magana su yi wuya, daga baya numfashi ya gagara, kuma alamun sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36. Duk wanda aka ga haka gare shi asibiti za a kai shi nan take. Wannan ne dalilin duk wani awo da zan ambata a ƙasa, kuma da zarar an kiyaye awon, aikin yana cikin mafi aminci a hanyoyin adana abinci.

Mu Hausawa ba baƙin tsami ba ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar gaskiya ce har a zahirinta: dangin ƙwayoyin da ke mayar da madara nono, da waɗanda ke sa kamu ya yi tsami idan ya kwana, su ne suke tsima kabeji. Sai dai kakanninmu ba su bi da kayan miya ta wannan hanya ba, saboda Allah ya hore mana rana da busasshiyar iska, sai suka zaɓi shanya, muka samu kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da gabu. Mutanen ƙasashen sanyi ne suka fi ƙwarewa a tsimi da gishiri. Jamusawa suna da tsimammen kabejinsu, mutanen Koriya kuma suna taruwa a ƙarshen kaka su haɗa kimci, wato tsimammen kabeji mai yaji, da yawa, a da har binne tulunan suke yi a ƙasa don ya kai su ƙarshen hunturu, al'adar da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a shekarar 2013. Abin lura a nan shi ne yawancin bayanan da za ki gani a intanet an rubuta su ne don ɗakin da sanyinsa ke tsakanin digiri 18 da 24. Wanda ya kwafe su kai tsaye ya yi aiki da su a Kano ko Maraɗi a bazara, zai yi asara. Masar da Sudan, waɗanda yanayinsu ya fi kusa da namu, sun fi yawaita gishiri, kuma sau da yawa suna haɗawa da khal.

Zan fara da hanyar gishiri, kuma da kabeji, domin shi ne ya fi yafe wa sabon hannu. Ki sami sikeli ƙarami na kicin, wanda a ganina ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a wannan harka. Ki cire ganyen waje da ya yi datti, ki wanke, ki ajiye lafiyayyen ganye ɗaya a gefe, ki yanka sauran siri-siri kamar za ki yi kwaɗo, sannan ki auna. Ga kowane kilo 1 na yankakken kabeji, gishiri giram 20 zuwa 25 ake sawa, kuma a yanayinmu ina ba da shawarar 25, wato kimanin cokali ɗaya da rabi na cin abinci idan an shafe bakinsa daidai. Ki zuba a kwano mai faɗi ki riƙa murzawa da hannu. Da farko za ki ji shi yana ƙara a tafin hannunki, yana turjiya, kamar ba abin da zai faru. Bayan minti biyar zuwa goma sai ya saki jiki, tulin da ya cika kwano ya koma rabi, kuma idan kika damƙi cikin hannu kika matse, ruwa zai tsiyayo ta tsakanin yatsunki. Wannan ruwan shi ne ruwan tsiminsa, kada ki zubar ko kaɗan, kuma ba ya buƙatar ƙari daga famfo.

Daga nan sai ki riƙa ɗurawa a kwalba mai faɗin baki kaɗan-kaɗan, kina dannawa da muciya ko bayan cokali har ruwan ya hau saman kabejin. Ki bar sarari kamar faɗin yatsu uku a wuyan kwalbar, ki shimfiɗa ganyen nan da kika ajiye a sama, ki ɗora wani abu mai nauyi da zai hana kabejin tasowa. Abin da na fi amfani da shi shi ne sabuwar leda mai tsabta da na zuba wa ruwan gishiri na ƙulle, saboda tana bin siffar kwalbar ta toshe ko'ina, kuma ko ta fashe ba za ta tsinka ruwan tsimin ba. Dokar da ba a karyawa ita ce duk abin da ke cikin kwalbar ya kasance a nitse. Ƙwayoyin da muke so suna aiki ne a inda babu iska, funfuna kuwa ba ta rayuwa sai da iska, saboda haka ɗan guntun kabeji ɗaya da ya leƙo sama ya isa ya zama wurin da ɓarna za ta fara.

Ki rufe murfin ba tare da ɗaurewa tamau ba, ki ɗora kwalbar a kan faranti. A rana ta biyu za ki ga ƙananan kumfa suna hawa ta jikin gilashin, ruwan ya yi gajimare, wataƙila ma ya tumbatsa ya zubo a farantin, kuma idan murfin ya ɗauru za ki ji wata 'yar ƙara lokacin da kika sassauta shi. Duk wannan alamar lafiya ce. Rukunin farko na ƙwayoyin, wanda ake kira Leuconostoc, shi ne ke fitar da irin iskar da ke sa lemon kwalba kumfa, kuma wannan iskar ce ke korar iskar waje daga cikin kwalbar. Idan tsami ya fara ƙarfi sai su ja baya, dangin Lactobacillus su karɓi aikin su ƙarasa shi. Warin farko yakan ɗan yi nauyi irin na dafaffen kabeji, daga baya ya koma tsami mai tsabta irin na sabon nono.

Karas da kokwamba da koren wake da attaruhu da yalo ba sa ba da ruwansu kamar kabeji, don haka ruwan gishiri ake haɗa musu. A kowace lita 1 ta ruwa ki narkar da gishiri giram 50, kusan cokali uku ke nan, kuma idan ba ki da abin auna lita, ledar fiya wata galibi rabin lita ce. Kada yawan gishirin ya tayar miki da hankali, domin kayan lambun da ke cikin kwalbar mafi yawansu ruwa ne, za su shanye rabonsu, a ƙarshe abin ya daidaita wajen rabin yadda aka fara. Idan ruwan famfonki yana warin sinadarin kulorin, ki tafasa shi ki bari ya huce sarai, saboda kulorin an sa shi ne don ya kashe ƙwayoyi, bai kuma san na kirki da na banza ba. Tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari kaɗan da busasshen barkono duk suna shiga, gwargwadon abin da gidanki ke so. Idan kika ga tafarnuwar ta koma shuɗiya ko koriya a cikin ruwan, kada ki zubar da kayan, tsami ne ya haɗu da wasu sinadaran da ke jikinta, ba ya cutarwa.

Ita kokwamba, wadda da ita kika fara, ita ce mafi wuyar sha'ani a cikinsu duka. Manyan nan masu ƙwallaye da yawa da ruwa a ciki ba sa tsimuwa da kyau. Ƙanana masu tauri, waɗanda aka tsinko a ranar ko jiya, su ake nema, kuma ke da gona ke hannunku kin fi mai saye a kasuwa samun wannan dama. Ki yanke ɗan siririn yanki daga ƙarshen da fure ya faɗo, wato gefen da ba shi ke manne da yaɗo ba, domin akwai sinadarin da ke narkar da ƙarfin kokwamba a wurin. Ki jiƙa su a ruwan sanyi na awa ɗaya ko biyu kafin ɗurawa, ki sa su gaba ɗayansu ko ki tsaga biyu maimakon yanka sirara, sannan ki jefa rabin ƙaramin cokali na ganyen shayi a kwalbar, saboda baurin da ke cikinsa yana taimaka musu su riƙe garas-garas ɗinsu.

Yanzu ga babbar matsalarmu, wato zafi. A digiri 21 zuwa 24 kabeji yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ya nuna sosai, kuma wannan jinkirin ne ke ba shi daɗi. A digiri 30 zuwa sama aikin yakan yi gudu, cikin kwana uku zuwa biyar ya yi tsami, amma ɗanɗanon ya zama mai kaifi marar zurfi, kayan su yi laushi, yis ya sami ƙofar shiga. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da mu shi ne hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma cikin ikon Allah lokacin ne kabeji da karas ke fara yawa. Ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, wanda galibi gindin randa ne, nesa da murhu da hasken rana. A watannin zafi kuma akwai dabarar tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, wanda malami ne a jihar Jigawa a lokacin, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin tukunyar waje shi ke janye zafin, shi ya sa dabarar ta fi aiki a rani da bazara, ta yi rauni a damina lokacin da iska ke ɗauke da laima.

Tun daga rana ta uku ki riƙa ɗanɗanawa da cokali mai tsabta. Idan tsamin ya kai yadda kike so, ki sani ƙwayoyin ba za su tsaya don kin gamsu ba, za su ci gaba har kayan su yi laushi, sai dai a sanyaya su. A firji mai aiki tsimammen kabeji yakan yi watanni. Ga wanda wutarsa ba ta tsayawa, shawarata ita ce a riƙa yin kaɗan-kaɗan, abin da gida zai cinye cikin mako ɗaya ko biyu, ana ajiye shi a tukunyar yashi, maimakon a cika babban bokiti a zuba ido yana lalacewa.

Akwai abu guda da ba za ki same shi a bayanan ƙasashen waje ba, amma a gidajenmu shi na fi tsoro, wato kanwa. Hannunmu ya saba da jefa kanwa duk inda tsami ya yi yawa, a miyar yakuwa ko a tumatir, kuma a girki wannan daidai ne. A tsimi kuwa kanwa tana kashe ainihin abin da ke tsaron abincin. Na taɓa koyar da wasu mata wannan aiki, bayan mako guda ɗaya daga cikinsu ta dawo da kwalbar karas tana cewa tata ta fi ta kowa daɗi saboda ba ta da tsami. Da na buɗe, warin da ya fito ba na tsami ba ne, ruwan ya yi duhu, karas ɗin yana narkewa a tsakanin yatsu. Da na bincika sai ta ce ta jiƙa 'yar kanwa ta zuba a rana ta uku don yaranta ba sa son tsami. Na yi godiya ga Allah da ba a kai ga ba yaran ba, kuma tun daga ranar nake fara kowane darasi da wannan gargaɗi. Idan tsami ya yi miki yawa, ki ɗebi abin da za a ci a faranti ki ɗauraye shi da ruwa ko ki barbaɗa ɗan sukari, amma abin da ke cikin kwalba a bar shi yadda yake. Saboda wannan dalilin ne kuma ba na son a yi amfani da manda ko kantu, domin sukan zo da gaurayen kanwa da ƙasa. Farin gishirin leda mai aidin ya wadatar.

Mazubi ma yana da nasa hukunci. Kwalbar gilashi ta fi komai, irin ta mayonis da aka wanke aka tafasa, sai roba mai kauri wadda aka yi ta don abinci. Kada tsami ya kwana a tukunyar dalma, ko kwanon tagulla, ko bokitin kwano, domin yana cin jikinsu ya narkar da ƙarfen a cikin abinci. Robar da aka taɓa zuba wa fenti ko maganin feshi ba ta wankuwa har abada ga wannan aiki. Idan murfin kwalbar na ƙarfe ne, ki shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa don kada ya yi tsatsa.

Hanyar khal ta fi sauri, kuma ita ce ta fi kusa da ɗanɗanon da kika ji a Saudiyya. Ki duba jikin kwalbar khal ɗin ki tabbatar an rubuta cewa ƙarfin tsaminsa kashi 5 ne cikin 100. Wanda aka ɗura a gorar ruwa babu rubutu, ba ki da hanyar sanin ko an tsinka shi. Farin khal ya fi araha kuma ba ya canza launin kaya, na tuffa ya fi ƙamshi amma yana sa su ɗan yi duhu. Mafi ƙarancin haɗi shi ne kofi ɗaya na khal ga kofi ɗaya na ruwa, kuma ana iya ƙara khal amma ba a ƙara ruwa. Ga rabin lita na khal da rabin lita na ruwa, cokali biyu na gishiri da biyu na sukari sun yi. Ki tafasa su a tukunyar ƙarfe marar tsatsa, ki zuba da zafinsa a kan kayan da kika jera a kwalba har ya rufe su. Albasa da aka yanka sirara takan nuna cikin awa ɗaya, karas da kokwamba su so kwana biyu, kuma a firji sukan yi wata guda ko fiye. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya yana ba da ɗanɗano, amma ƙarfinsa yana bambanta daga wannan zuwa wancan, don haka na abin da za a ci yau ko gobe ne kawai.

Ga gidan da babu firji, akwai gyara mai kyau da Turawan Ingila ke yi wa ƙananan albasa. Ana barbaɗe kayan da gishiri mai yawa su kwana, gishirin ya zuƙe ruwan jikinsu, da safe a ɗauraye a tsane su sosai, sannan a rufe su da khal zalla wanda ba a sa masa ruwa ba. Tun da kayan sun riga sun rasa ruwan da za su tsinka khal ɗin da shi, tsamin yakan tsaya da ƙarfinsa, kuma albasa da attaruhu da karas da aka yi wa haka sukan yi watanni a wuri mai inuwa muddin suna nitse. Idan kuma kina son haɗin rabi da rabi ya daɗe a kan kanta, to sai an tafasa kwalaben bayan rufewa: a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera su, ruwa ya haura murafunsu da faɗin yatsu biyu, a ƙirga minti 15 ga kwalbar rabin lita ko minti 20 ga ta lita ɗaya daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai. Wannan lissafi ya haɗa da ƙarin minti biyar da ake yi wa garuruwa masu tudu irin Kano da Jos, inda ruwa ke tafasa kafin ya kai digiri 100. Bayan sun huce, murfin da ya kama zai lotsa ciki, ba zai yi motsi ba idan an danna tsakiyarsa. Tsohon murfi sau da yawa ba ya kamawa, kuma duk kwalbar da ba ta kama ba a ɗauke ta a matsayin ta ci yanzu. Wannan tafasa ta kayan da ke cikin khal ce kaɗai. Koren wake ko karas da aka rufe a ruwa zalla, ko an kwana ana tafasa su, ba su tsira daga gubar da na ambata ba, domin kashe irinta yana buƙatar zafin digiri 121, wanda sai da tukunya ta musamman mai matsa tururi.

Irin wannan haɗarin ne ke cikin wata al'ada da ta yaɗu, ta niƙa ɗanyar tafarnuwa da attaruhu a rufe su da mai a kwalba a ajiye a kanta. Mai yana toshe iska amma ba shi da tsami, wato ya shirya wa ƙwayar irin ɗakin da take so. Mutanen Indiya da ke yin acar, wato tsimammen ɗanyen mangwaro a cikin mai, ba su dogara da man kaɗai ba, mangwaron da kansa mai tsami ne, kuma sai sun cika shi da gishiri sun shanya shi kafin ya shiga.

Game da farin abin da kika gani a saman robarki, iri biyu ne, kuma ya kamata ki iya bambance su. Idan siriri ne, shimfiɗaɗɗe, fari fat, mai ɗan tattarewa kamar yanar da ke hawa kan kunu, to yis ne, ba ya cutarwa, ana kwashe shi da cokali a goge wuyan kwalbar, ko da yake yawansa yana ɓata ɗanɗano kuma yana rage tsami idan an bar shi. Idan kuwa mai gashi-gashi ne, ko yana da launin kore ko baƙi ko ruwan hoda, funfuna ce, a zubar da komai. Haka nan idan kayan sun narke, ko wari ya koma na ruɓa, ko murfin kwalbar da aka tafasa ya kumburo, kada ma a ɗanɗana. Kokwambarki ta haɗa laushi da yauƙi a cikin ruwan da ba shi da isasshen gishiri ko khal, saboda haka zubarwa ce ta dace da ita.

Mata da yawa sukan tambaye ni ko tsimin ba ya zama giya. Abin da ƙwayoyin nan ke samarwa tsami ne irin na nono, kuma ɗan abin da ke biyo baya na barasa bai wuce irin wanda ake samu a nonon da ya kwana ko ƙullin burodi ba, ba ya sa maye ko an ci da yawa. Shi kuwa khal, ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Saɓanin da malamai suka yi yana kan wanda aka juya daga giya da gangan, kuma wannan tambaya ce ta malaman fiƙihu.

Ta fuskar lafiya, wanda aka tsima da gishiri kuma ba a tafasa ba yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyi irin na nono, na khal kuwa ba shi da su, ɗanɗano da adanawa ne amfaninsa. Dukansu suna da gishiri mai yawa, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya taƙaita, mai gyambon ciki kuma ya lura da yadda jikinsa ke karɓa. Mahaɗi ne da ake ɗiba kaɗan a gefen garau-garau ko ɗanwake ko dambu ko gasasshen nama, inda tsaminsa ke yanke maiƙo. Ki kuma sani cewa tsimi ba ya cire maganin feshi ko dattin ruwan kwata daga jikin kayan lambu, saboda haka a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin tsakanin feshi da girbi. Tumatir nunanne da latas da alayyafo kada ki wahalar da kanki a kansu, narkewa suke yi, kuma ga tumatir har yanzu kauɗa ta fi.

Tun da yanzu kokwamba ta ba ki wahala, ki ajiye ta tukuna. Ki fara da kwalba ɗaya ta albasa da attaruhu a khal zalla, wadda za ki iya yi a kowane wata, sannan idan hunturu ya shigo ki auna kilo 1 na kabeji da giram 25 na gishiri ki ajiye a gindin randa. Ki manna takarda a jikin kowace kwalba ki rubuta ranar da kika haɗa da nauyin gishirin da ranar da tsamin ya yi miki daidai, domin sanyin ɗakinki ba irin na maƙwabciyarki ba ne, kuma daga waɗannan takardun za ki fitar da lissafin kwanakin da ya dace da gidanki kafin ki koma kan kokwamba.